An doke maigidana saboda sunansa, an ƙona Kekensa, yanzu ko ƙofar gida ba ya iya fita

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Jos, yaranmu uku, maigidana Keke Napep yake ja kuma Keken ma ba nashi ba ne na wani Alhaji ne yana kai masa balas kullum. Wata biyu da suka wuce ranar da gari ya ɗan rikice ya ɗauki fasinja ya shiga wata anguwa bai san an fara tare hanya ba. Samari suka tsayar da shi suka ce meye sunanka, yana faɗa suka finciko shi ƙasa suka rufe shi da sanduna suna cewa irinsu ne suka hana garin nan zama lafiya, suka cinna wa Keken wuta. Wata mata mai shago a wurin, Kirista ce ma, ita ta faɗa kansa tana ihu tana cewa ta san shi, ta ja shi cikin shagonta ta kulle har sojoji suka zo. Hannunsa na dama ya karye mun kai shi wajen mai ɗori, kansa ma an fasa. Anti tun ranar ba shi da barci, da ya runtsa sai ya zabura yana gumi, ko masallacin layinmu ba ya zuwa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa, mutumin da ko murya ba ya ɗagawa. Mai Keke ya fara aike a kan kuɗinsa. Ƙaninsa yana ta rantsuwa sai ya rama. Sau ɗaya yayan maigidana ya je caji ofis aka ce ya kawo kuɗin mai, bai koma ba. Akwai bidiyon abin yana yawo a WhatsApp har ana ganin fuskokin wasu. Surukaina sun ce a bar wa Allah kawai a yi shiru. Ni dai na rasa inda zan sa kaina, akwai inda ake taimakon irinmu kuwa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar uwa, sannu ƙwarai da gaske. Na karanta saƙonki raina a jagule, Allah ya ba maigidanki lafiya ya mayar masa da abin da ya rasa, ke kuma Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya don daga yadda kika rubuto na gane ke ce kike riƙe da gidan nan yanzu.

Bari in fara da abin da nake jin har yanzu babu wanda ya zauna ya faɗa miki. Abin da aka yi wa mijinki ba hatsari ba ne, ba kuma faɗan titi ba ne. Ba su nemi kuɗinsa ba, ba su ce ya buge wani ba, sunansa suka tambaya. Wanda ɓarawo ya haura gidansa yana iya canza kwaɗo ya ƙara tsawon katanga hankalinsa ya ɗan kwanta, to shi wanda aka doka saboda sunansa da addininsa me zai canza? Duk inda ya sa ƙafa da sunan yake tafiya. Shi ya sa kike ganin magidanci guda wanda da yake zagaye garin nan tun daga Terminus har Bukuru yau ƙofar gida ta gagare shi. Ba ragwanci ba ne kuma ba raunin imani ba ne, kar ki yarda wani ya faɗa masa haka a gabanki ko da wasa.

Kin tambaya ko akwai inda ake taimakon irinku. Akwai, amma ba zan yaudare ki ba, babu ofis guda ɗaya a Jos da za ki shiga a ce ga likita ga lauya ga kuɗin Keke duk a ɗaki ɗaya. A warwatse taimakon yake, ɗan nan ɗan can, kuma wanda ya zauna a gida ba a biyo shi da shi. Don haka sai an tashi, kuma ba ke kaɗai ba, sai kin samu namiji ɗaya mai natsuwa a danginsa ko naki wanda zai riƙa raka ku.

Hannun nan shi ne farko. Ba na raina masu ɗori, amma hannun dama ne, da shi yake murɗa totur, shi ne abincinku. Ku je asibiti a ɗauki hoton ƙashin a ga ko ya haɗu daidai, don in ya haɗe a karkace gara a gano yanzu da a gano bayan shekara. Ga asibitin koyarwa na jami'ar Jos wato JUTH a Lamingo, ga Plateau Specialist a cikin gari, ga Jankwano, ga OLA. Kuma ki faɗa wa likita zancen kan da aka fasa, kar ki ce ai ya warke. Duka a kai yana iya barin jini yana taruwa a hankali sai bayan makonni ya nuna, in kina ganin ciwon kai da ba ya sauka, jiri, amai, mantuwa, ko ya riƙa magana tana harɗewa, wannan ba na jira ba ne, ranar za ku tafi. Har canjin halin da kike gani ɗin ma likita zai so ya tabbatar ba daga dukan kan ba ne kafin a ce damuwa ce kaɗai. Sannan ku roƙi rahoton likita a rubuce, wanda ya faɗi irin raunin da abin da mara lafiya ya ce ya jawo shi, galibi na asibitin gwamnati aka fi karɓa a wajen 'yan sanda da kotu. Mai ɗori ba ya ba da takarda, kin ga ke nan ko don wannan sai an je. Katin asibiti, rasit na magani, hoton ƙashin, duk ki zuba su a leda ɗaya ki ajiye inda ruwa da yara ba za su kai ba.

Ga masu karatu kuma da Allah ya kiyaye za su iya tsintar kansu a irin wannan, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, akwai kuma dokar 2017 da ta ce wanda aka harba a yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Lambar kiran gaggawa 112 ce kuma kyauta ce.

Yanzu zancen barcin, nan nake so ki natsu sosai. Abin da kika lissafa, zabura cikin dare, gumi, gudun fita, saurin fushi, duk likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi farin sani, ciwo ne da ke kama wanda ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri ya tsira. Jikinsa ya dawo gida amma ƙwaƙwalwarsa har yanzu tana ganin kamar sandunan na sauka. A makonnin farko kusan kowa yana yin haka kuma da yawa yana lafawa da kansa, amma in aka wuce wata guda abin bai ragu ba har ya hana mutum nema da ibada cikin jama'a to lokacin ganin likita ya yi, naku kuwa wata biyu ne. JUTH suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san abin da zai ce, zai ce shi ba mahaukaci ba ne. Kar ki yi gardama da shi a kan wannan, ki ce masa za a je ne a kan rashin barcin da ciwon kan, wanda gaskiya ne, in an je wajen hoton hannu ki ja likita gefe ki faɗa masa komai, shi ya san yadda zai tura ku. Maganin ba lallai ƙwaya ba ne, yawanci zama ne ana magana da wanda ya iya aikin, ana koya wa mutum yadda zai fuskanci abin a hankali har tsoron ya sake shi, wani lokaci a haɗa da magani. Mutane suna warkewa wallahi, suna komawa sana'arsu.

Abin da nake jin tsoro shi ne kemis. Mutum ya kwana goma ba barci wani aboki ya ce ga wata 'yar ƙwaya sha ka kwanta, ko a ba shi taramol don zafin hannu, daga nan an buɗe wata ƙofar da ta fi ta farko wuyar rufewa. Ki sa ido a kan wannan, duk maganin da ba likita ne ya rubuta ba kar ya shiga gidanki. Addu'a da karatun Alƙur'ani da ruƙya ku riƙe su, babu mai hana ku, Annabi sallallahu alaihi wa sallam da kansa ya ce a nemi magani, ba a ce in an yi ɗaya an bar ɗaya ba. Kuma in kin taɓa jin ya ce gara ma da sun kashe shi, ko ya ce ya gaji da rayuwa, kar ki ɗauka magana ce ta ɓacin rai ki bar ta, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

A gida kuma kar ki matsa masa sai ya ba da labarin, kar kuma ki toshe masa baki in ya fara. 'Yan dubiya su ne matsala, kowa ya zo sai ya ce to Malam yaya abin ya faru, ya sake maimaitawa daga farko, wani ma ya zaro waya ya kunna masa bidiyon. Ki hana. Ki ce likita ya ce a bar shi ya huta. Fita kuma da kaɗan-kaɗan, yau ya zauna a ƙofar gida da hantsi, gobe wani amininsa ya zo ya ja shi sallar la'asar a masallacin layi, ba wai a wayi gari a ce tashi ka je Farin Gada ka dawo ba.

Sai maganar surukanki. Na fahimce su, tsoro suke ji, sun ga rikicin Jos na 2001 sun ga na 2008 sun ga na 2010, sun ga kwamitin bincike na Mai shari'a Niki Tobi ya zauna, na Bola Ajibola ya zauna, an rubuta rahotanni masu kauri kuma ba su ga an hukunta na a zo a gani ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ma da ta yi bincike kan rikicin Filato da Kaduna ta fitar da rahoto a 2013, sunan da ta sa masa shi ne a bar wa Allah komai, saboda abin da waɗanda aka zalunta suka riƙa faɗa ke nan bayan sun ga hukuma ba ta yi komai ba. To ni ra'ayina, kuma da gaske nake, shirun nan yana cikin abin da ya sa yaron da ya tare hanya bana zai sake tarewa baɗi, don ya ga na bara yana yawonsa a anguwa ko tambayarsa ba a yi ba. Mai haƙuri ma yana kai ƙara. Allah muke bar wa sakayya, amma takarda mu za mu rubuta.

Ba zan ce miki in kun kai ƙara tabbas za a kama su a ɗaure ba, in na faɗa na yi ƙarya. Amma ko ba a kama kowa ba takardar 'yan sanda ita ce za ku nuna wa mai Keke cewa ƙona shi aka yi ba sayarwa ba, ita za a nema in hukumar agajin gaggawa ta jiha SEMA ko wata ƙungiya ta zo ɗaukar sunayen waɗanda rikici ya shafa, kuma shi kansa maigidan akwai sauƙin da mutum ke samu in ya ga an rubuta abin da aka yi masa a matsayin laifi, ba a share kamar kaza aka take ba.

Nijeriya ba ta da wata doka ta daban da aka ware wa harin ƙiyayyar addini ko ƙabila, amma duk abin da suka yi laifi ne babba a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, jikkata mutum mummunan rauni, ƙona dukiya, haɗa baki, tayar da tarzoma, har yunƙurin kisa. Tsarin mulkin 1999 kuma sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga ko'ina, na 42 ya hana a nuna masa bambanci don addini ko ƙabila. Babu anguwar da doka ta ce ta wasu ce su kaɗai, mu ne muka raba garin da kanmu. Don haka in za a rubuta bayaninsa a tabbatar an sa cewa sunansa suka fara tambaya, a sa kalmomin da suka faɗa yadda suka faɗe su, kar a bari a taƙaita a ce wasu ɓata-gari sun far masa. A karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Tun yau ma ki samu littafi, duk ranar da ya ji zai iya ya faɗa miki ki rubuta, ranar, ƙarfe nawa, daidai ina, su nawa, me suka sa, lambar Keken, don kai yana mantuwa.

Bidiyon nan kuwa dukiya ce, ki adana shi a waya biyu ko a memori, ki rubuta wa ya turo miki da yaushe. Amma kar ku watsa shi, kar ƙaninsa ya ɗora a Facebook yana zagaye fuskokin mutane da jan layi, yin haka zai sa su gudu, zai iya jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ku da kuke da gaskiya ku koma masu laifin tunzura jama'a. Lauya za ku ba.

Kuɗin man da aka nema ba ya cikin doka, kai ƙara kyauta ne. Kar yayan maigidan ya sake komawa shi kaɗai ya tsaya a kantar 'yan sanda. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'yan sandan jiha a nemi a ba sashen binciken manyan laifuka, a yi fotokofi, a sa su buga hatimin karɓa a kan kofin ku riƙe. In ɗan sanda ya nemi kuɗi ko ya yi watsi da ku akwai sashen karɓar koke a kan 'yan sanda da ake kira CRU, tun 2015 aka buɗe shi. Lauya kuma ba sai kuna da kuɗi ba. Legal Aid Council hukumar gwamnati ce tun 1976, aikinta tsayawa talaka kyauta kuma tana da ofis a Jos. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma tana da ofis a Jos, ana kai mata koke kyauta ko a kira 6472, kuma takarda in ta fito daga wajensu zuwa ga 'yan sanda ba a cika yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ke a matsayinki na mace akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, ki je ki zauna da su ki yi bayani da Hausarki. In aka kai kotu aka samu mutum da laifi doka ta ba alƙali ikon sa shi ya biya diyya, shi ya sa na ce ki riƙe rasit.

Sai dai duk wannan da yardar maigidan za a yi, shi aka doka. In ya ce bai shirya ba kar ki yi masa dole, ki dai tattara takardun ki ajiye, a fara da asibiti. Kuma kowa a danginku kar ya taka anguwar nan da sunan bincike.

Ƙanin nan shi ya fi tayar min da hankali a duk saƙonki. Zafin da yake ji na gaskiya ne, ya ga yayansa a kwance. Amma ki tambaye shi, wa zai rama a kai? Samarin da suka yi abin ba za su shigo anguwarku ba. Wanda zai faɗo hannunsa wani ɗan Keke ne Kirista da ya shigo neman abincin yaransa bai san komai ba, ko ɗalibin jami'a da ya biyo Bauchi Road, a tare shi a ce meye sunanka, wato dai abin da aka yi wa yayansa sak. Mun gani a watan Agustan 2021, aka tare matafiya a hanyar Rukuba suna dawowa daga Bauchi aka kashe fiye da 20, kafin a ce me gari ya kama, aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka kashe ɗalibai, jami'a ta rufe, aka shiga Yelwa Zangam da dare aka kashe mutane a gidajensu. Wa ya ci riba? A majami'u ma akwai mata irinki da mazajensu suka shiga anguwanninmu ba su fito da ƙafarsu ba, kukan iri ɗaya ne. Addininmu ya ce wani ba ya ɗaukar laifin wani. Kar ki tsaya yi masa wa'azi ke kaɗai don zai ce ke mace ce ba ki gane ba, ki samu wanda yake jin nauyi, kawunsa ko malaminsa ko limamin layi, a zaunar da shi tun kafin abokai su gama hura masa kunne. Sannan a ba shi aiki, shi zai riƙa kai yayansa asibiti, shi zai bi takardar koke daga ofis zuwa ofis. Saurayi mai zafin zuciya in ba a ba shi abin yi ba zai nemo da kansa. In kuma kin ga ya fara ajiye makami ko yana taro da wasu da dare, ki faɗa wa manya a ranar, ba tona asiri ba ne ceton ransa ne.

Matar nan mai shago, Allah ya saka mata da alheri. Ta sa ranta a gaban sanduna saboda mutumin da ba addininsu ɗaya ba, kuma a anguwar za ta ci gaba da zama da yaran da ta hana. Irin abin da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya yi ke nan a watan Yunin 2018, da ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Shi duniya ta san shi har Amurka ta karrama shi a 2019, ita kuwa ku kaɗai kuka sani. Ku aika mata godiya ta hannun wanda ya san ta, a asirce. Kar a ambaci sunanta ko shagonta a intanet, kar kuma a rubuta ta a matsayin shaida sai an tambaye ta ta yarda, in ta ce ba za ta iya ba ku yi mata uzuri, ta riga ta yi mai wuyar. In ana buƙatar wanda zai yi magana da shugabannin anguwar, akwai hukumar samar da zaman lafiya ta jihar Filato da aka kafa a 2016, akwai cibiyar DREP da Akbishop Ignatius Kaigama ya kafa lokacin yana Jos wadda malamai da fastoci ke zama tare a cikinta, irin wannan shiga tsakanin shi ne aikinsu, suna shiga inda ku ba za ku iya shiga ba.

Mai Keke kuma kar ku ɓuya masa, ɓuya ke sa mai bin bashi ya fusata. A samu shugaban ƙungiyarsu ta masu Keke da liman ko mai anguwa a je a zauna da shi da takardar 'yan sanda da bidiyon. A duba me aka rubuta lokacin da aka ba shi Keken, in an rubuta. A wajen malaman fiƙihu wanda aka ba haya amana aka ba shi, abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba ba a ɗora masa biya, ku sa malami ya yi wa Alhajin wannan bayanin da bakinsa cikin mutunci, don shi ma asara ya yi. Kar maigidan ya sa hannu a wata takardar alkawarin biya yana cikin wannan hali ba tare da lauya ya gani ba. Kuɗin asibiti da na cefane kuma ki cire kunya, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka. Ki sa a kai maganar kwamitin masallacinku, a sanar da 'yan agaji da ofishin Jama'atu Nasril Islam don sunansa ya shiga cikin waɗanda abin ya shafa, ke kuma ki faɗa wa matan Islamiyyarku. Abokan sana'arsa ma suna yin karo-karo in an gaya musu, da yawa ba su san halin da yake ciki ba tunda ya daina fitowa.

Yaran suna ji suna gani ko ba su yi magana ba. In ƙaramin ya koma fitsarin kwance ko babban ya fara faɗa a makaranta kar ki dake su, tsoro ne. Ki faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, wasu mugayen samari ne suka doki Baba, wata mata Kirista ce ta cece shi, duka biyun ki faɗa tare kar ki bar rabi. Kuma ki hana a riƙa zagin wani addini gaba ɗaya a tsakar gidanki, yaro abin da ya ji a bakin manya da shi yake tashi. Tsawar da Babansu ke yi musu ki ce musu ba shi da lafiya ne ba tsanarsu yake ba. Amma in fushin ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kansu, wannan ba a yi masa shiru da sunan tausayi, ki faɗa wa likitan ki faɗa wa manya.

Ke ma fa mutum ce. Kina kwana a zaune kina gadin mai zabura, da safe ki tashi ki nemi abin da za a ci, in kika faɗi gidan ya faɗi. Ki kira ƙanwarki ko wata 'yar uwa ta zo ta kwana biyu ta kama miki yara ki samu ki yi barci ko da rana ne, kuma ranar da za ku ga likitan ki faɗa masa naki halin, matan waɗanda aka yi wa irin wannan su ma abin yana taɓa su.

A satin nan abu biyu kawai nake so ki yi, ku je a ɗauki hoton hannun a duba kan, sannan a zaunar da ƙanin. Takardar koke da zaman mai Keke su biyo baya in an samu rahoton likita a hannu. Ki sake rubuto min ki faɗa min abin da likita ya ce, in kun shirya kai koken kuma zan taimaka miki da yadda za a tsara bayanin kafin ku je wajen lauya. Allah ya ba shi lafiya, ki gaishe shi da jiki.